Me ya haɗa dankali da lalaci? Asalin kalmar "couch potato"

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina da tambaya. Yayata da take aure a Ingila ta zo hutu da yaranta, ranar Asabar ina kwance a falo ina kallon ƙwallo tun bayan azahar, sai ƙaramar 'yarta da bata fi shekara tara ba ta shigo ta kalle ni tace wai 'Uncle is a couch potato', uwarta ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, ni kuma na yi yaƙe kawai. Na duba a waya naga wai malalaci ake nufi. Toh abun da ya ɗaure min kai shi ne me ya haɗa dankali da lalaci? Daga ina kalmar ta fito? Kuma zagi ne ko wasa, don in zagi ne wallahi yarinyar nan sai ta ji a jikinta."

Wa alaikumus salam kawu. Kafin komai ka mayar da bulalar inda ka ɗauko ta, yarinyar nan bata zage ka ba, kuma in da gaske tun azahar kake shimfiɗe a kushin ɗin nan toh ai bata yi maka ƙarya ba hhh. Tambayarka uku ce a dunƙule: daga ina kalmar ta fito, me yasa aka tsallake duk kayan gona aka ɗauki dankali, sannan ya nauyinta yake idan an jefi mutum da ita. Na ji daɗin tambayar sosai, don na kwana biyu ina koyar da Turanci kuma bin salsalar kalmomi shi ne abun da nake kashe dare a kai, kuma wannan kalmar tana cikin 'yan tsiraru da za a iya nuna mutum da yatsa ace ga ubanta nan. Yawancin kalmomin sara marayu ne, a bakin titi ake tsintarsu, kafin masu ƙamus su farga sun yi shekara ashirin suna yawo babu wanda ya san wa ya fara faɗa. Ita wannan har ranar haihuwa ake ba ta.

Bari mu fara gyara furucin, don nan ɗalibaina suke fara zamewa. Ana cewa "kauc", ba "koc" ba. Koc shi ne mai horar da 'yan ƙwallo, kauc kuma doguwar kujerar falo ce, tiri-sita ɗin nan da kake miƙewa a kai. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na ga an rubuto min "coach potato" a takardar jarabawa, wato dai dankalin koci, ka ga kuwa wannan wani abu ne daban. Kalmar couch daga Faransanci Turanci ya aro ta tun ɗaruruwan shekaru, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi lakwal zasu gane ta nan take don 'yar uwar "coucher" ce, kwanciya. Kenan tun asali kujerar ta kishingiɗa ce. Ɗayar kalmar da ake kiran kujerar da ita, sofa, ita kuma daga Larabci take, "suffa", dakali ko rumfar zama, ta bi ta bakin Turkawa ta shiga Turai. Suffar nan dai da ka sani ta masallacin Madina, tushensu ɗaya.

Wayar da aka buga a 1976

Labarin a jihar Kalifoniya ta Amurka ya faru, a wani gari da ake kira Pasadena kusa da Los Angeles. Akwai wani mutum mai suna Tom Iacino, shi ake jingina wa kalmar, kuma ranar da ake ambata ita ce 15 ga Yuli 1976. Yadda shi da bakinsa ya ba da labarin daga baya, ya buga waya ne gidan wani abokinsa, budurwar abokin ta ɗauka, sai kawai yace mata "couch potato" ɗin nan yana nan kuwa? Ita kuma ta waiga ta ga mutumin nata baje a kujera gaban talabijin, sai ta fashe da dariya. Shikenan fa. Babu wani taron masana, babu wani littafi, tsokanar abokai ce irin wadda ake yi a kowace majalisa, kamar yadda wani zai kira gidanku yace sarkin barci ya tashi?

Da a nan ta tsaya da ta mutu a cikin abokan, kamar dubban sunayen tsokana da muke laƙa wa juna a teburin mai shayi su ɓace bayan wata shida. Abun da ya raya ta shi ne a cikin abokan akwai mai zanen barkwanci, Robert Armstrong. Shi ya ji kalmar ta yi masa daɗi, ya zana dankali kwance a kan kujera yana kallon talabijin, ya kafa ƙungiya ta wasa mai wannan sunan, ya je ya yi wa sunan rajista a matsayin tambarin kasuwanci, suka fara buga riguna da baji suna sayarwa, har da 'yar jaridar ƙungiya. A 1979 suka shiga wani jerin gwano na shashanci da ake yi a Pasadena mai suna Doo Dah Parade, wanda shi kansa an ƙirƙiro shi ne don kwaikwayon babban faretin furanni da garin ya yi suna da shi. Kowa yana tafe da ƙafarsa yana kiɗa da rawa, su kuwa suna kwance a kan kujeru ana jan su a titi suna kallon talabijin abunsu. Jaridar Los Angeles Times ta ambace su a ƙarshen wannan shekarar, kuma wannan ne rubutu mafi tsufa da masu ƙamus suke kafa hujja da shi. A 1983 Armstrong da wani marubuci Jack Mingo suka fitar da littafin barkwanci mai suna The Official Couch Potato Handbook, daga nan magana ta fita daga hannunsu, zuwa ƙarshen shekarun 1980 har 'yar tsana ake sayarwa da sunan, a 1993 kuma babban ƙamus na Oxford ya shigar da ita.

Abun da nake so ka lura da shi a nan kawu, mutanen da suka fara amfani da kalmar kansu suke kira da ita, kuma da alfahari. Kirari ne. A lokacin Kalifoniya ta haukace da motsa jiki, kowa ya sayi kambas yana sassarfa a titi da sassafe, ana ta wa'azin cin ganye da rage maiƙo, su kuma waɗannan suka ce mu dai a bar mu da kujerarmu da akwatinmu da kayan kwalamarmu. Tawaye ne na raha. Sai da kalmar ta shiga bakin jaridu da likitoci sannan ta koma abun gori. Kuma ta faɗo a kan gaɓa, don daidai wannan lokacin ne talabijin ta canza a Amurka: tashoshin kebul suna ta ɓullowa, ESPN ta wasanni zalla ta buɗe a 1979, CNN mai labarai dare da rana a 1980, MTV a 1981, ga bidiyo mai kaset ta shiga gidaje, ga rimot ya zama ruwan dare. Da can ko canza tasha zaka yi sai ka miƙe ka je ka murɗa, ko ka aiki ƙaramin gidan, mu da muka taso ƙanana a gida mun san mu ne rimot ɗin. Da wannan 'yar miƙewar ma ta ƙare sai aka samu sabon nau'in mutum da yake buƙatar suna, ga suna kuma a ajiye.

Toh me yasa dankali?

Nan ne maganar take da daɗi, nan ne kuma ni kaina na taɓa yin tuntuɓe.

Bayanin da ya fi yawo shi ne na wasa da kalmomi. Tsohuwar talabijin ɗin nan mai ƙaton baya, a cikinta akwai wata kwalbar gilashi da take fitar da hoton, ita ake kira "tube", sai Amurkawa suka riƙa kiran talabijin ɗin gaba ɗaya "the tube". Sunan YouTube ma daga nan ya samo rabinsa. Masu kushe ta kuma suka ce "boob tube", wato akwatin wawaye, don "boob" a tsohuwar sarar Amurka sakarai ne. Toh wanda ya lizimci tube sai a ce masa "tuber", kamar yadda yau ake cewa YouTuber. Sai aka yi dace a Turanci akwai wata kalmar "tuber" daban, mai nufin amfanin gonar da yake yin saiwa mai kauri a ƙarƙashin ƙasa, irin su doya da dankali da makani. Kalmomin biyu ba dangin juna ba ne, kowacce da tushenta a Latin, kama ce kawai ta sauti. Tunda tuber ɗin da Ba'amurke ya fi sani shi ne dankalin turawa, sai aka ce daga mai kallon tube aka koma tuber, daga tuber aka koma potato.

Na yi shekaru ina koyar da wannan a aji kamar karatun sallah, har da zana kibiyoyi a allo, tube zuwa tuber zuwa potato, yara suna kwafa suna jin daɗi don abun ya tsaru. Sai wata rana na ci karo da hirar da aka yi da shi Iacino ɗin, inda yace kalmar fito masa kawai ta yi daga baki a lokacin. Jikina ya ɗan yi sanyi. Na koma aji na gaya musu su gyara, kuma tun daga ranar na rage yarda da duk wani asalin kalma da ya cika kyau.

Amma kar kace bayanin tuber ƙarya ne. Jaridar ƙungiyar tasu sunanta The Tuber's Voice, kenan su da kansu sun yi wannan wasan kalmar kuma sun ci moriyarsa. Abun da ba za a iya rantsuwa a kai ba shi ne wanne ya riga wanne, ko wasan tuber ne ya haifi dankalin, ko dankalin ne ya fito sannan aka ga ai ga tuber ma ya dace. Hirar waya ce tsakanin mutum biyu, babu wanda ya naɗa, shaidar da ake da ita bakin mai ita ne bayan shekaru sun ja, rubutu kuma sai bayan shekara uku ya bayyana. Iyakar inda hujja ta kai kenan, kuma aikinmu na masu bin kalmomi inda takarda ta tsaya nan muke rage murya. Ni a nawa ganin, mutumin da yake zaune cikin abokan da kullum hirarsu talabijin ce, ba sai ya zauna ya yi lissafi ba kafin dankali ya faɗo masa a baki, kunnensa ya riga ya jiƙa. Wannan ra'ayi ne, ka ɗauke shi a haka.

Akwai masu cewa saboda "idanu" ne, don Turawa suna kiran 'yan ramukan da tsiro yake fitowa a jikin dankali "eyes", wato abu ne da ba hannu ba ƙafa sai idanu ko ta ina, kamar mai kallo. Yana da daɗin ji amma ƙamshin bayanin da aka ƙirƙiro daga baya yake yi. Wasu kuma suka ce saboda soyayyen dankalin leda ne da ake ci a gaban talabijin. Shi ma dai haka.

Abun da na fi ba wa ƙarfi wajen dalilin da yasa kalmar ta kama, ko ma mene ne ya faru a ranar, shi ne siffa. Ɗauki dankali ɗaya ka ajiye a kan kujera ka kalle shi. Ba wuya, ba ƙugu, dunƙule yake, inda ka ajiye shi nan zaka dawo ka same shi gobe. Kuma tun kafin 1976 Turanci yana da wannan tunanin na kwatanta mutum mara motsi da kayan lambu, suna cewa mutum yana "vegetate" idan yana zaune rayuwa tana wuce shi, suna cewa ya faɗi kamar buhun dankali, inda mu zamu ce ya zube kamar kayan wanki, ko yana zaune kamar an dasa shi. Kenan hanya a share take, kalmar ta zo ta bi. Da ace ya ce karas ko kabeji da wuya ta yi wannan nisan, karas siriri ne, kamar ma ɗan motsa jiki.

Wani abu da zai baka dariya, shi kansa sunan potato aro ne kuma a kan kuskure ya zauna. Daga Sifaniyanci ya shigo, su kuma sun ji "batata" ne a bakin mutanen Taino na tsibiran Karibiyan, kuma abun da ake nufi da shi a lokacin shi ne mai zaƙin nan, dankalin Hausa. A ƙarni na 16 in Bature yace potato shi yake nufi. Daga baya wanda ya fito daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka ya zo ya ƙwace sunan, har sai da aka ƙara wa na farkon "sweet" don a bambance. Mu namu ya bi ta ɗaya hanyar, dankali namu ne mai zaƙi, da baƙon ya iso ya samu wurin zama a sanyin Filato, su Bokkos da Mangu, sai muka ce masa dankalin turawa. Don haka dankalin da 'yar yayarka take nufi na turawa ne, ka sani.

Tunda muna kan dankali bari in ja kunnenka a kan wani abu da yake yawo a WhatsApp. Turawa suna kiran dankali "spud" a sara, sai wani ya ƙirƙiro cewa wai harufan farko ne na sunan wata ƙungiya da ta yi yaƙi da cin dankali a Ingila. Babu wannan maganar. Spud sunan wani ɗan ƙarfen haƙa ne da ake tono da shi, sunan ya koma kan abun da ake tonowa. Irinsa ne masu cewa wai "news" daga harufan farko na arewa, gabas, yamma, kudu da Turanci (north, east, west, south) aka haɗa ta. Duk lokacin da aka ce maka tsohuwar kalma daga harufan farko aka gina ta, ka fara da ƙin yarda, sau tari zaka ci riba.

Sauran malalatan Turanci

Turanci yana da tarin kalmomi na rago kuma kowacce da irin laifin da take nunawa, shi yasa nake hana ɗalibai su riƙa musanya su yadda suka ga dama. "Slacker" mai zille wa aikin da ya hau kansa ne, kuma ta yi ƙarfi ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya lokacin da ake kiran wanda ya gudu daga shiga soja da ita, har a watan Satumba na 1918 aka yi samame a birnin New York ana tare maza a titi ana tambayarsu katin rajistar soja, samamen da aka sa wa sunan kalmar. A wancan lokacin in an ce maka slacker an ce maka matsoraci maci amanar ƙasa, yanzu kuwa ta yi laushi. "Goldbrick" ta sojojin Amurka ce, asalinta damfara ce ta 'yan ƙarni na 19 inda ake shafa wa bulon ƙarfe ruwan gwal a sayar wa mai tsautsayi, sai ta koma kan ma'aikacin da in ka hango shi kamar yana aiki, in ka matsa babu komai. Kowane ofis yana da nasa, mai yawo da fayil a hammata.

Wadda ta fi burge ni ita ce "slug". Yau in ka ce slug kowa dodon koɗin nan mara ƙwanso yake gani, mai jan ciki yana barin yauƙi, kuma kowa zai ɗauka an kwatanta rago da shi ne. A tarihi kuwa juyin waina ne: tun ƙarni na 15 ake kiran malalacin mutum slug, sai wajen farkon ƙarni na 18 aka ɗauki sunan aka ba wa dabbar saboda nawarta. Dabbar ce ta ci sunan ragon. Irin wannan ne yake sa ba a yanke wa kalma hukunci da hankali kawai, sai an buɗe tsoffin takardu an ga wacce ma'ana ta riga fitowa.

Da Hausa fa?

Wayarka ta ce maka malalaci, bata yi ƙarya ba amma ta yi gaggawa. Malalaci ko rago hali ne da yake bin mutum gona da kasuwa da ofis. Cima-zaune kuma zargin da yake ciki shi ne kana ci daga gumin wani, shi yasa ta yi zafi a watan Afrilu na 2018 lokacin da marigayi Shugaba Buhari ya yi magana a wani taron kasuwanci na ƙasashen Commonwealth a Landan, yace da yawan matasan Najeriya basu yi karatu ba kuma suna jiran a yi musu komai kyauta saboda ƙasar tana da mai, kafafen Hausa da yawa da wannan kalmar suka fassara maganar, kuma ka tuna ƙurar da ta tashi. Zauna-gari-banza da zaman kashe wando kuma rashin sana'a suke nunawa. Shi couch potato babu ruwansa da duk wannan, zai iya zama likita ko direban tirela da yake aiki kamar jaki Litinin zuwa Juma'a, matsalarsa kawai in ya dawo gida ya haɗu da kujera da rimot toh sai dai a kawo masa abinci nan. Abu biyu ne dole su haɗu, zama da kallo. Mutumin da yake kwana a tabarma ƙofar gida yana hamma ba couch potato ba ne komai lalacinsa.

Shi yasa in an bani fassara bana rubuta dankalin kujera, don Bahaushe zai tsaya yana neman dankalin. Nakan ce mayen kallo, yadda muke cewa mayen ƙwallo ko mayen shayi, ko sarkin kallo in ana son a sassauta, in kuma ana son a fito da zaman sai in ce mayen kallo ne, in ya dasa kansa a kushin sai dai a share a zagaye shi. Ka lura ma yadda harsunan biyu suke gina irin wannan sunan, Turanci ya ɗauki suna ya jingina da suna, kujera da dankali, mu kuma aiki muke ɗauka mu mayar da shi suna, ci ma zaune, zauna gari banza, kamar dai dafa-duka da faɗi-tashi. Hausa tafi son ta nuna maka abun da mutumin yake yi, ko a nan ince abun da ya ƙi yi.

Batun zagi ko wasa kuwa, a Ingila da Amurka kalma ce mai sauƙi, yaro zai faɗa wa babansa a yi dariya, mutum zai faɗa wa kansa, yace wannan hutun na zama couch potato. Tana iya yin ɗaci idan an haɗa ta da gorin ƙiba ko aka faɗa wa wanda ba a saba da shi ba, kuma ba kalmar da zaka sa a takardar neman aiki ko ka jefi oganka da ita ba ce. Inda na fahimci ɓacin ranka shi ne a tarbiyyarmu irin wannan wasan na jika da kaka ne ko na taubasai, ɗiyar 'yar uwa bata cika yi wa kawu haka ba. Amma yarinya da ma'aunin inda ta taso ta auna, a can wannan alamar ta sake da kai ce, wanda take jin tsoro ba zata faɗa masa ba. In kana son ka rama cikin raha, duk sanda ka ganta ta duƙufa a kan kwamfuta ko tablet ka ce mata "mouse potato", ita ce ƙanwar kalmar da aka yi wa masu kwana gaban kwamfuta a shekarun 1990, har ƙamus na Merriam-Webster ya shigar da ita a 2006, duk da dai bata yi farin jinin yayarta ba.

Shi kuwa Armstrong rajistar da ya yi bata hana kowa amfani da kalmar ba, jaridu suka yi ta bugawa da ƙananan haruffa kamar kowace kalma, abun da ya samu Omo da Maggi a bakinmu kenan, kowane garin sabulu omo ne kowane dunƙule magi ne, mai tambari yana ji yana gani.

Waɗanda suka fi kowa jin haushin kalmar ma ba masu kallon ba ne, manoma ne. A watan Yuni na 2005 manoman dankali a Birtaniya, da goyon bayan hukumar dankali ta ƙasar, suka yi zanga-zanga a gaban majalisar dokoki a Landan da kuma garin Oxford inda ake haɗa ƙamus ɗin, suna neman a cire "couch potato" a sa "couch slouch" a madadinta, wai kalmar tana ɓata wa amfanin gonarsu suna, tana sa mutane suna ganin dankali abincin ragwaye ne alhali yana da amfani a jiki. Babban editan ƙamus ɗin a lokacin, John Simpson, ya basu amsa cewa ƙamus rubuta abun da jama'a suke faɗa yake yi, ba shi yake ƙirƙira ba. Rabin zanga-zangar dai talla ce kuma ta yi aiki don duniya ta yi ta labarin, kalmar kuma tana nan a shafinta. Nakan kawo wannan labarin a aji duk lokacin da ɗalibi ya ce min Malam wannan kalmar ai bata kamata ta kasance a dikshinari ba.

Kwanaki na tambayi 'yan ajina, tunda yanzu kallo ya bar bango ya dawo tafin hannu, kuma mutum baya ma buƙatar kujera, katifa da caja da data sun ishe shi, wane suna zamu sa masa da Hausa? Aka yi ta kawo shawara, wani yace ɗan latse-latse, wata tace mayen waya ai ya wadatar. Wani yaro daga can baya da baya cika magana ba ya ɗaga hannu yace Malam a ce masa rogon katifa, don dankali ko ba komai yana gangarawa in an ture shi, rogo kuwa sai an haƙa.